Kaciyar Ƙarti Bakwai

Sanyin Doha ba sanyi ba ne, in ni za a tambaya. Amma na bana ya ɗan taɓa ni. Tun da aka rufe makarantu saboda gasar ƙwallon duniya, kamfani ya ɗauke ni daga bas ɗin 'yan makarantar da nake ja a Ain Khaled, ya mai da ni hanyar filin jirgin Hamad, ina kwasar 'yan kallo masu fenti a fuska da tuta a wuya. Da sassafe nake fitowa daga masaukinmu na Mu'aither, in tsaya ina ɗumama inji, iska tana shigar mini ta wuyan riga. Shekaranjiya ina tsaye haka sai na ji ƙaurin hayaƙi. Wani mai gadi ne ya kunna guntayen katako a cikin gwangwani yana jin ɗumi. Hayaƙin nan shi ya ɗauke ni ya dire ni a ƙauyenmu, can bakin iyaka, kusan shekara arba'in baya, cikin ɗakin karan da aka yi mana kaciya.

Alhassan, abokin ɗakina ɗan Zangon Kumasi, ya san labarin. Na ba shi ne lokacin korona, da aka killace mu sati biyu, mu shida a ɗaki ɗaya, ana ajiye mana shinkafa da kaza a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa a ruga. Zaman ya ishe mu, kowa ya zazzage abin da ke cikinsa. Da na ce masa ina da shekara goma sha huɗu aka yi mini, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

"Baba Iro, kai da gemu aka yanke ka? Mu a Zango ranar suna ake gamawa, khalas, shi ke nan, yaro bai san komai ba."

Na ce, "Babu gemu, ɗan nema. Amma murya ta fara buɗewa."

Ba al'adarmu ba ce a bar yaro ya kai haka. Yunwa ce ta sa. A wurinmu ba a yi wa yaro kaciya sai gidansu na da abin da za a yi jinyarsa da shi: fura da nono, romon zabo, tuwon gero da man shanu, har ya warke ya yi ƙiba. Kunya ce babba a yanke yaro a ba shi dusa. To, damina uku a jere ruwa ya ƙi. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin daga gabas, mu fito muna tsalle, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Muka ci dusa, muka ci tafasa da yaɗiya, har ganyen da da sai awaki. Inna takan ɗora tukunya da ruwa zalla don ƙannena su ji motsin wuta su yi barci. Kowace shekara wanzami zai zo da zabirarsa bayan kaka, dattawa su ce masa, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu." Haka muka yi ta girma a cikin wando, sa'o'inmu na wasu garuruwa suna yi mana waƙa a kasuwa.

A damina ta huɗu ruwa ya sauka. Ba wani mai yawa ba, amma ya sauka. Ina tuna ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, har yau ban ji turaren da ya kai shi ba, kuma na shiga shagunan turare a garin nan. Aka yi shuka da irin da aka roƙo. Mutane ba su da ƙarfin noma saboda ciki babu komai, sai aka koma gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, a sha kunun kanwa tsararo a koma kunya. Da kaka ta zo, rumbu bai cika ba, amma an daina ganin gindinsa. Dattawa suka zauna suka ce bana kam ko da me sai an yi kaciyar, yaran nan sun zama ƙarti.

Mu bakwai ne. Ni ne babba, Garba ne ƙarami, ɗan siriri mai manyan idanu, wanda babansa ya rasu a shekarun yunwar. Da hannunmu muka gina ɗakin da za a kwantar da mu, a bayan gari, gindin wata tsamiya. Muka yi ta jidar karan dawa, manya suna kafa dirka, mu muna miƙa igiyar rama. Zabi sun ƙare a garin, kaji ma sai ɗai-ɗai, saboda haka samari suka shiga daji suna haƙo gafiya, mata suna soya fara suna tarawa a tulu. Kowane gida ya kawo mudun gero, har gidajen da ba su da yaro a cikinmu.

Ranar da za a yi, ɗari ya sauko sosai, irin wanda ke fasa leɓe. Ba zan faɗi yadda aka yi ba. Abin da zan ce, ni aka fara zaunarwa a bakin rami don ni ne babba, na kafa idona a kan reshen tsamiyar nan, ban ce uffan ba. Shida suka biyo baya, babu wanda ya yi ko tari. Garba ya ciji leɓensa har ya fashe, amma shi ma shiru.

Wanda ya yi jinyarmu wani tsoho ne, Kawu Sale, mai ido ɗaya da bakin tsiya. Shi ke barbaɗa mana garin bagaruwa, shi ke hura wuta a tsakiyar ɗaki, hayaƙi ya cika mana ido, shi ke sa mana kara tsakanin gwiwoyi kada mu juya cikin barci. Kwana arba'in muka yi da shi, kuma kullum sai ya maimaita mana dokokin ɗaki. Akushi ɗaya za mu ci, ba mai sa hannu sai kowa ya zauna. Abin da ya sami ɗaya ya sami bakwai. Maganar ɗaki ba ta fita waje, ko ga uwar da ta haife ka. Sai ta ƙarshe, wadda ya fi ja wa kunne.

"Wanda ya fita daga ɗakin nan ya gama kuka a gaban mutane. Ko kunama ce ta harbe ka, ka haɗiye. In ka yi, ka koma wajen mata ka ci tuwo, don can ne wurinka. Kun ji ko, 'yan banza?"

Mu ce, "Mun ji, Kawu."

Abincin ba irin na da ba ne. Furar tsararo ce, nonon ma sai ranar kasuwa. Amma a shekara huɗu ban taɓa ƙoshi irin na kwanakin nan ba. Daga baya na gane cewa duk garin ne suka rage cikinsu don mu. Inna da kanta sau ɗaya take ci a rana.

Ranar fita aka yi mana aski ƙwal, aka ba kowa sabon wando. Da magariba Baba ya kira ni zaure, inda yake cin tuwo da ƙannensa biyu, ya matsa ya ce, "Zauna." Kai! Ban san yadda zan kwatanta wannan ba. Tun ina rarrafe a cikin gida nake ci tare da yara, ga ni yau gwiwata tana gugar ta Baba, hannuna a akushinsa. Na ji kamar kaina zai taɓa rufin zauren.

Da wannan kan muka koma makaranta, aji shida, duk mu bakwai. Kuma gaskiya mun canza. Muka daina wasan langa da yara. Muka koma bencin baya muka jeru, ba ma ɗaga hannu, don a ganinmu namiji ba ya cewa "ni, Malam, ni, Malam" kamar mai roƙon ƙosai. In aka ba ɗaya aikin shara, bakwai za su tashi. In aka tambayi wa ya yi abu, ba mai magana. Amma kuma faɗan da ake yi a bakin rijiyar makaranta ya mutu, don in muka tsaya a wurin ba ƙaton da ke ture ƙaramin yaro.

Malaminmu Malam Haladu ne, saurayi ɗan birni, dogo, mai keke da agogo. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Ya iya koyarwa, kuma yana son Garba kamar ƙaninsa, don Garba kan gama lissafi kafin Malam ya gama rubuta shi a allo. Sai dai yana da tsarinsa na duka: tsumagiyarsa ba ta tsayawa sai yaro ya yi kuka. A wurinsa kuka shi ne alamar an tuba. Duk makarantar an san haka, shi ya sa tun kafin bulala ta sauka yaro ke ƙwala ihu, a yi masa ɗaya a sallame shi. Kafin kaciya, ni ne gwanin wannan. Ihuna har kasuwa ake ji.

Sai bazara ta shigo. Zafi irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Rijiyoyin gari suka ƙafe, aka koma tonon ruwa a cikin busasshiyar ƙorama. Wannan aikin maza ne, kuma mu yanzu maza ne. Daga sallar asuba sai ƙorama, mu ake zurawa cikin rami saboda ba mu da nauyi, mu cika guga da jiƙaƙƙen yashi a ja, har ruwa ya tsattsafo mata su ɗiba. Kafin mu fito, mu wanke ƙafa, mu ruga makaranta, an daɗe da buga ƙarfe.

Ranar Litinin Malam Haladu ya tare mu a bakin aji. Ya ce in miƙo hannu. Ya zuba ɗaya, ya jira. Shiru. Ya zuba ta biyu, ta uku, har shida. Ina kallon bango. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce in matsa. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce ƙala. Talata ya ninka. Laraba ya karya tsumagiya biyu a kanmu, gumi ya jiƙe masa riga. Hannun Garba ya kumbura har ba ya iya riƙe alƙalami.

Rashin sani ya fi dare duhu. Shi yana ganin raini ne, ƙarti sun yi kaciya sun fi ƙarfin malami. Mu kuma muna ganin mutuncinmu muke tsarewa, kuma ba halin mu yi masa bayani, don maganar ɗaki ba ta fita.

Ya jefar da guntun tsumagiyar ya ce, "To, shi ke nan. Jibi Juma'a zan kai sunayen masu jarrabawar shiga sakandare birni. Yaron da ya raina malaminsa ba na kai sunansa ko'ina. Gobe ce ta ƙarshe. Ko in ga ɗalibai, ko ku koma ƙoramarku."

Jarrabawar nan sau ɗaya ake yi, kuma shekarunmu sun riga sun ja. Wanda ya rasa ta bana ya rasa ke nan. Da yamma na gaya wa Baba cewa Malam zai cire sunanmu. Ko ɗago kai bai yi ba.

"In bai rubuta ba, fartanya na nan. Ita ba ta tambayar suna."

Washegari a cikin rami, ni da Garba muna cika guga, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba.

"Yaya Iro, ni dai ba zan fara kuka ba. Wallahi ko zai kashe ni ba zan fara ba." Ya ƙara yashi a guga. "Amma ina son makarantar nan."

Ni ina da gona, ina da uba. Garba ba shi da ko ɗaya, kansa kawai gare shi. Kuma na san ba wanda zai buɗe baki a cikinsu muddin ni, babban ɗaki, ban buɗe ba. Na hau sama da igiya.

Ranar Malam bai tsaya a bakin aji ba, filin makaranta ya fito da mu, gaban kowa da kowa, har 'yan aji ɗaya da 'yan mata. Ya zo da sabuwar tsumagiya, takardar sunaye a aljihun gaba. Rana ta riga ta yi zafi. Na miƙa hannu. Ta farko ta sauka, na haɗiye. Ta biyu, na haɗiye. Ba zafin ne ya dame ni ba, wallahi bayan askar wanzami tsumagiya wasa ce. Na waiga na ga Garba a ƙarshen layi, ya ɓoye kumburarren hannunsa a baya, ya riga ya kama leɓe da haƙori yana jira.

Da ta uku ta sauka sai na buɗe baki.

"Wayyo Allah! Malam na tuba! Wayyo Inna!"

Muryar ma ta ci amanata, ta fara da kauri ta ƙare da siriri kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Dariya ta ɓarke a filin. 'Yan mata suna riƙe ciki. Wani ɗan aji biyu yana nuna ni da yatsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ban gama jan numfashi ba sai na ji ihu daga ƙarshen layi. Garba ne, wanda ko taɓa shi ba a yi ba, ya wage baki yana "wayyo Malam". Sai na kusa da shi ya kama, sai na gaba. Ƙarti bakwai masu sabon wando, a tsaye cikin rana, muna rusa kuka kamar an yi mutuwa. Abin da ya sami ɗaya ya sami bakwai. Nawa na ƙarya ne da farko, amma da na ji nasu, hawaye na gaske suka zubo mini.

Malam Haladu ya sauke hannu. Ya ce, "Yanzu na ga ɗalibai." Ya zaro takarda, ya jingina ta da sirdin kekensa, ya rubuta sunaye bakwai muna kallo.

Yaran da nake ɗauka a Ain Khaled sa'o'inmu ne na wancan lokaci, muryarsu na buɗewa, gashin baki na tsirowa. Ba mai taɓa su da ko tsinke. Wani lokaci nakan hango ɗaya ta madubi, an yi masa faɗa a makaranta, ya juya fuska ga taga yana haɗiye abin da ya taso masa, kada abokai su gani. Nakan ƙara sautin rediyo kaɗan in bar shi. Garba ya ci jarrabawar, ya wuce har inda ban san sunan karatun ba, yau shi ke duba makarantun yankinmu gaba ɗaya. Ni shekara uku na yi a sakandare na dawo gona, daga gona sai tuƙi. Na yi abubuwa a rayuwata, na gina gida, na aurar da 'ya'ya, na kai Inna Makka da kuɗin sitiyari. Amma in aka ce in nuna abu ɗaya da nake alfahari da shi, kukan nan zan nuna.

Sai dai ranar ban san haka ba. Labari ya riga ni isa gida. Da magariba na wanke hannu na nufi zaure, Baba ya sa tafin hannunsa a kan murfin akushi.

"An ce kai ka fara."

"Ni ne, Baba."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shiga ciki."

Sauran shida faɗa kawai aka yi musu, don an ce bin babba suka yi. Ni na koma tsakar gida, cikin ƙannena masu majina, ina cin tuwo a ƙwarya. Inna kuwa, kullum nakan tarar da malmalata ta fi ta kowa girma. Kawu Sale ya gan ni a hanya ya tofar da yawu. Sati uku ina haka. Ban yi wa kowa bayani ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

A garinmu malamin da ba shi da iyali gida-gida yake cin tuwon dare, kowane gida mako guda. Sai makon gidanmu ya zo. Ina tsakar gida, jikin bangon zaure, ƙwarya a cinyata, ina jin duk abin da ake faɗa. Aka gaisa, aka buɗe akushi, na ji ƙarar ruwan wanke hannu.

Malam Haladu ya ce, "Ina Iro? Na ɗauka a nan yake ci."

Baba ya ce, "Da a nan yake ci. Yana ciki wajen mata."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ai kai ka fi kowa sani, Malam, a gabanka ya yi. Wanda ya fito ɗakin kaciya ya yi kuka a gaban jama'a, ba ya zama da maza. Haka muka gada."

Har na ɗauka sun fara ci. Sai na ji muryar Malam, ta sauka ƙasa sosai.

"Wato hana su aka yi? Duk kwanakin nan da nake dukansu, hana su kuka aka yi?"

"Ƙwarai."

"Shi kuma ya san abin da zai same shi in ya yi?"

"Ya sani mana. Shi ne babban ɗaki."

Na ji an tura akushi a kan tabarma. Ƙanin Baba ya ce, "Bismillah mana, Malam, zai huce."

Malam ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ni baƙo ne, ban san dokarku ba, ba kuma zan ce ku canza ta ba. Amma yaron nan ba don zafi ya yi kuka ba. Kwana uku ina karya itace a hannunsa bai motsa ba. Sunan Garba maraya ya saya da kukan nan, da na sauran. Ni na tilasta shi. In shi bai cancanci akushin nan ba, wallahi ni ban isa in sa hannu a ciki ba."

A shekarar da kowace loma sai an yi mata gumi, baƙo ya janye hannu daga tuwonka, ba ƙaramin abu ba ne. Inna tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu.

Can sai Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta yadda duk gidan za a ji, har maƙwabta.

"Iro! Wanko hannunka ka zo. Maza na jiranka."